Dutsen Delmer da Wata Ukun Gwaji

Dayton, Ohio
22 ga Nuwamba, 2009

Yaya Verna,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Yaya gwiwar taki da wannan sanyin? Yaya Coy da ciwon sukarinsa? Ki riƙa duba aljihun wandonsa, can mijin naki yake ɓoye maganin, Delmer ne ya faɗa mini. Ni jikina lafiya ƙalau. Na so in buga miki waya, sai na tuna wancan karon, ina ta ihu saboda kunnen naki kina cewa, "Wa ya mutu kuma?" Gara in rubuta, kya karanta a tsanake.

Yau wata biyu ke nan da muka kawo muku mijina Delmer, ɗan baffanki, muka binne shi a kan tudu, kusa da kakanku. Har yanzu na kasa koyon dafa wake na mutum ɗaya. In na ɗora tukunya sai ta kai ni kwana huɗu.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kin san dala 842 muke biyan banki duk wata na bashin gidan nan. Shekara ashirin da biyu Delmer bai taɓa makara da kwana ɗaya ba, ko bayan an rufe masana'antar motocin. Ni kuma albashina na kicin ɗin makaranta ba zai ɗauka ba. Na Oktoba da na Nuwamba na biya cif, amma sai da na sayar da kwalekwalensa na kamun kifi. Da na ga babu sauran abin sayarwa sai na kira bankin. Wata yarinya mai daɗin murya ta ce akwai shirin sassauta bashi ga irinmu. Za su sa ni gwaji na wata uku, in riƙa biyan 560. In na biya a kan lokaci, sai su mayar da shi haka har ƙarshen bashin.

Na ce, "'Yar nan, wannan ba zai ɓata mini suna ba?"

Ta yi dariya ta ce, "Haba Misis Sizemore, ai mu muka ce ki biya hakan."

Na sake tambaya, ta sake faɗa. Suka aiko takarda, na sa hannu.

Yanzu maganar dutse. Ɗan allon gwangwanin nan da masu jana'iza suka kafa masa yana hana ni sakat. Takarda ce kawai a bayan roba, ruwa biyu zai wanke sunan. Ga shi ranar Lahadi ta farko a watan Yuni za a yi gyaran maƙabarta, dangi su taho daga Indiana da Michigan. Mutumin da duk shekara shi ke tuƙa mota awa biyar ya yanke ciyawar tudun nan, ba zan iya tsayawa a gabansu yana kwance a ƙarƙashin gwangwani ba. Don Allah ki leƙa shagon Hubert mai sassaƙa, ki ji ko yana ba da dutse a biya kaɗan-kaɗan.

Ki gaida Coy. Ki gaida Faye ƙanwar Delmer in tana karɓar gaisuwata.

Ƙanwarki,
Opal


Bear Fork, Kentucky
9 ga Disamba, 2009

Ƙanwata Opal,

Na gode wa Allah da na ga rubutunki. Gwiwa tana nan, takan sanar da ni ruwa kafin rediyo. Na duba aljihun Coy kamar yadda kika ce, na samu ƙwayoyi goma sha ɗaya da alewar gyaɗa biyu. Ya ce Delmer ya mutu ma bai daina kai ƙararsa ba.

Kai, na ji daɗin labarin bankin nan! Ranar Lahadi da aka ce wa ke da abin godiya, na tashi a coci na ce an rage wa matar Delmer bashin gida, aka yi amin. Coy ne kaɗai bai yi ba. Da muka shiga mota ya ce, "Ni dai tun da nake ban taɓa ganin banki ya ba mutum komai kyauta ba sai kalanda." Na ce masa ya rufe mini baki, shi da ko asusu ba shi da shi.

Na je wurin Hubert. Matarsa Connie ce ke kan teburi yanzu, shi yana baya da ƙurarsa. Akwai wani dutse toka-toka mai kyau na mutum biyu, irin na baffa da inna: sunan Delmer a dama, naki a hagu da ranar haihuwarki, a bar ɗaya gurbin sai ranar da Allah ya yi. Dala 2,900 ne har da kafawa. Connie ta ce wani kamfani a Lexington ne ke ba da rancen, dala tamanin da biyar a wata. Ga takardar nan na sa miki a ciki. Ki cike, ki sa lambarki ta gwamnati, ki sa hannu. Ta ce in dai sunan mutum mai tsabta ne, kwana biyu ake yi. Na ce ai wannan gidan Delmer Sizemore ne, ko sabulu bai fi su tsabta ba.

Amma su samu takardar kafin tsakiyar Maris, don daga Georgia ake kawo babban dutse.

Faye ta ce tana amsawa. Ta kuma tambaya wa ya sayi kwalekwalen yayanta, da nawa. Na ce ban sani ba.

Ki ci abinci, Opal. Wake na kwana huɗu ba abinci ba ne.

Yayarki,
Verna


Dayton
27 ga Fabrairu, 2010

Yaya Verna,

Ina gaisuwa, da fatan kun fita daga dusar ƙanƙarar nan lafiya. Mu nan kwana shida aka rufe makarantu, kuma in an rufe ba a biyanmu. Na yi mura mai tari, ta tafi.

Ki yi haƙuri na riƙe takardar Connie. So na yi in gama gwajin tukuna kafin in ɗauki wani bashin, haka Delmer zai yi. To na gama. Na Disamba, na Janairu, na Fabrairu, kowanne na aika da saura kwana biyar. Tun Disamba ban sake ba su 842 ɗin nan ba, kuma in gaya miki gaskiya, ko a jikina. Yanzu jiran babbar takardar nake. Na kira, sun ce in ci gaba da biyan 560 har ta zo.

Dutsen nan na mutum biyun nake so. Na daɗe ina kallon hoton da kika yanko mini. Da farko na tsorata da na tuna zan ga sunana a kan kabari ina tsaye da ƙafafuna. Daga baya na ga ai shekara talatin da huɗu sunana na kusa da nasa, a akwatin wasiƙa, a littafin coci, ko'ina. A sa masa ɗan kifi a ƙasan sunan in ba zai ƙara kuɗi da yawa ba.

Ga takardar, na cike da biro baƙi kamar yadda suka ce.

Taki,
Opal


Bear Fork
12 ga Maris, 2010

Opal,

Muna lafiya. Ina fatan kina lafiya.

Ban san ta inda zan fara ba. Jiya na koma shagon Hubert in ji ranar da dutse zai iso. Faye ta ce za ta raka ni ta ga zanen kifin. Akwai mata biyu 'yan cocinmu a ciki suna zaɓen furannin roba. Ke kin san kunnena, Connie ma ta sani, don haka da ƙarfi ta yi maganar.

Ta ce, "Anti Verna, Lexington sun ƙi."

Na ce, "Sun ƙi me?"

Ta ce, "Sun ƙi ba ta. Sun ce tun Disamba ba ta biyan kuɗin gidanta cikakke, yanzu ma wata guda ake bin ta."

Na ce ƙarya ne, banki ne da kansa ya rage mata. Ta juya takarda ta ce ita dai abin da aka aiko mata take karantawa, babu inda aka rubuta ragi. Faye ta gyara jakarta ta ce, "To, ni da ma na san ba a banza aka yi saurin sayar da kwalekwale ba." Matan nan biyu suka duƙufa a kan furanni kamar ba su taɓa ganin fure ba. Kafin yamma, matar fasto ta aiko tambayar ko a sa ki a jerin addu'a.

Na dawo gida na ɗauko wasiƙarki na sake karantawa. Ga shi da hannunki: tun Disamba ba ki sake ba su kuɗin ba, kuma ko a jikinki. Da farko na ɗauka murna kike. Yanzu ban san me zan ɗauka ba. Ko dai an rage ko ba a rage ba, Opal. Banki ba ya rubuta abu haka kawai.

Ni na goya Delmer a bayana lokacin da uwarsa ke kwance. Yaron nan da zazzaɓi ya taɓa tafiya mil huɗu a ƙasa don ya mayar wa mai shago da canjin da ya wuce. Wata shida da rufe idonsa, a karanta sunan gidansa a cikin shago a ce ba sa biyan bashi? Ni kuma na tashi a coci na yi shela. In wata matsala ce ta same ki, me ya hana ki faɗa mini ni kaɗai? In kuma wani ne ya shigo rayuwarki yake cin kuɗin, shi ma ki faɗa.

Ina jiran amsa.

Verna


Bear Fork
8 ga Afrilu, 2010

Opal,

Mako huɗu ke nan. Kullum Coy na gangarawa akwatin wasiƙa ya dawo da tallan taki da takardar wuta. Na sa shi ya kira ki sau uku, layin a riƙe yake, da rana tsaka. Da wa kike magana haka?

Ban sani ba ko fushi kike ko kwance kike. In fushi ne, ki rubuto ki zage ni, na fi son haka. Na hau tudu ranar Asabar da sanda. Ruwa ya shiga allon, rabin sunan ya narke. Connie ta ce lokacin babban dutsen ya wuce.

Verna


Dayton
14 ga Afrilu, 2010

Yaya Verna,

Ina gaisuwa. Ba kwance nake ba. Gaisuwar ta tsaya nan yau, ki yi haƙuri.

Wasiƙarki ta watan Maris sau ɗaya na karanta ta, na ajiye. Kin tambaya da wa nake magana a waya. Da saurayin nawa ne, mai cin kuɗin. Sunansa banki. Kullum in na taso aiki ƙarfe biyu sai in zauna da shi awa biyu, yana sa mini kiɗa.

Na ce ba zan amsa miki ba sai na gane abin da aka yi mini. Akwai wani ofis da cocin Methodist ke riƙe da shi don masu matsalar bashin gida. Wata dattijuwa a can, Misis Whitlow, ta ciro mini tarihin bashina daga ofisoshin nan uku masu ajiye na kowa. Bara makin da suke ba ni na amanar biyan bashi 760 ne, Delmer har alfahari yake da shi. Yanzu 590.

Ga yadda abin yake, ki karanta wa Faye a hankali. Har yau ba su canza yarjejeniyar gidan ba, gwaji ne kawai. Don haka injinsu 842 yake jira duk wata. In na aika 560 ɗin da suka ce, sai ya rubuta saura 282, ya kai rahoto cewa matar nan guntu-guntu take biya. Sau uku 282 ya haura kuɗin wata guda. Wato ranar da na aika na uku ina murna na ci gwaji, ranar ce suka rubuta na makara da wata ɗaya. Takardar Connie kuma bayan hakan ta isa Lexington. Da na aika ta tun Disamba da kika turo, da yanzu dutsen na hanya. Tsoron bashi ne ya sa na jira.

Na kira su. Wani yaro ya ɗauka, ya ce sunansa Brad.

Na ce, "Ku kuka ce in biya 560?"

Ya ce, "Haka ne, ranki ya daɗe."

"Na biya?"

"Kin biya, a kan lokaci ma. Sannu da ƙoƙari."

"To me ya sa kuka rubuta ban biya ba?"

"Saboda ba ki biya 842 ba."

"In na biya 842 ɗin fa?"

"To ai sai a ga ba ki buƙatar sassauci, a cire ki daga shirin."

Na ce, "Ɗana, uwarka ta san aikin da kake yi?" Ya ce akwai wani abu kuma da zai taimaka mini da shi yau?

Yarinyar nan mai daɗin murya kuwa, babu wanda ya taɓa jin sunanta. Misis Whitlow ta nuna mini a shafi na uku, da rubutu ƙanana kamar ƙwan ƙuma, cewa gwajin yana iya shafar makin mutum. Ban gani ba. Tabarau na na kantin dala ɗaya ne, kuma wata biyu da binne mijina ba shafi na uku nake karantawa ba. Na tambayi mutum da baki, ta ba ni amsa da baki.

Wata ukun ya zama biyar. Sau uku na aika musu takardar shaidar mutuwar Delmer, sau uku ta ɓace. Makon jiya wata ta ce ba za ta iya magana da ni ba sai mai asusun, wato Delmer, ya ba da izini. Na ba ta kwatancen tudun, na ce ta tafi da sanda, akwai hawa. Katin bashin da nake sayen man mota da shi ma sun rage kuɗin da yake iya ɗauka, a gaban layi aka dawo mini da shi a gidan mai.

Misis Whitlow ta ce tabon makara shekara bakwai yake yi a tarihin mutum. Ta kuma ce in tara 282 ɗin nan na kowane wata in ajiye, kada in taɓa, domin in suka ƙi ni a ƙarshe za su nemi dukkansa a dunƙule, in babu su fara maganar karɓe gida. Na zuba kuɗin harajin da gwamnati ta maido mini, na kuma kama wankin zannuwa a gidan tsofaffi ranar Asabar.

Banki ban yi mamakinsa sosai ba, Yaya, ƙyamarsa kawai nake ji, kamar na taka wani abu a hanya. Amma ke, kin ci abinci a teburina, kin ga Delmer yana rufe ambulan ɗin nan duk wata. Kin ce banki ba ya rubuta abu haka kawai. Ni ce nake rubutawa haka kawai ke nan?

Opal


Bear Fork
21 ga Afrilu, 2010

Ƙanwata, matar ƙanena,

Ina gaishe ki da kunya a idona. Mu lafiya muke, ban ma cancanci in faɗa ba.

Na karanta wasiƙarki a tsaye a bakin akwati, na hau gida na karanta wa Coy. Bai ce "na faɗa miki" ba, da ma ya faɗa ya fi mini sauƙi. Ki yafe mini, Opal. Na ga takarda mai tambari sai na manta da mutum. Maganar wani ya shigo rayuwarki kuwa, Allah ya yafe wa hannun da ya rubuta ta.

Ranar Lahadi na sake tashi a coci. Na karanta musu hirarki da Brad daga farko har ƙarshe. Ashe mutum uku a cikinmu 'ya'yansu na cikin irin wannan gwajin, kowa yana ɓoyewa don kunya. Faye ta ce ita dai ba ta gane lissafin ba. Na ce ba laifi, tun a aji uku ba ta gane shi.

Litinin Coy ya sa rigarsa ta zuwa jana'iza, muka je shagon Hubert, ya ce a rubuta rancen da sunansa. Connie ta buga, ta dawo tana sosa kai. Wai ba su san shi ba. Mutumin da bai taɓa cin bashi ba, ba shi da maki ko ɗaya, a wurinsu babu shi.

Coy ya ce, "Shekara saba'in da ɗaya ina nan a rafin nan, ki ce musu su zo su taɓa ni."

Ta ce, "Kawu Coy, da ka taɓa cin bashi ko na firij ne..."

Ya ce, "Wato mai biya ba shi da kirki, wanda bai ci ba babu shi. To wa suke ba wa, 'yar nan?"

Hubert ya fito daga baya yana kaɗe ƙura. Ya ce yana da ƙarami na mutum ɗaya a ajiye, 1,650 kuɗi a hannu, in an biya kafin goma ga Mayu zai kafa shi kafin ranar gyara. Ba shi da halin ba da bashi da kansa, na yarda da shi. Mu abin da muke da shi bai kai ɗari uku ba.

Na faɗa miki ne don kada ki ji daga bakin wani, ba don ki yi ba. Kada ki taɓa kuɗin nan da matar ta ce ki ajiye. Coy ya ce zai zuba siminti a akwatin katako ya rubuta sunan da ƙusa, kamar yadda aka yi wa na da. Delmer ba zai so ki rasa rufin kanki saboda shi ba. Baɗi ma shekara ce.

Yayarki mai laifi,
Verna


Dayton
3 ga Mayu, 2010

Yaya Verna,

Na gaishe ki, na gaida Coy da rigarsa ta jana'iza. Na yi dariya har na share hawaye, rabona da dariya tun kaka. Na yafe miki. Kada ki sake tayar da maganar.

A cikin ambulan ɗin nan akwai takardar kuɗi ta gidan waya, dala 1,650, da sunan Hubert. Na san abin da kika ce. Misis Whitlow ma ta faɗa, har ta riƙe mini hannu. Na ji ku duka.

Wata shida ina yin duk abin da aka ce in yi. Biya kaza, na biya. Aiko takarda, na aiko. Jira, na jira. Abin da na samu shi ne a karanta ni a shago. Yanzu kuma in zauna a kan kuɗin da na wanke kashin tsofaffi na tara, ina gadinsa, ko za su so ko ba za su so ba, mijina kuma a ƙarƙashin siminti da rubutun ƙusa? A'a. Baɗi ma za su ce baɗi. Ki gode wa Coy, amma a'a.

Na mutum biyun ya wuce ni, na haƙura. In lokacina ya yi ku tura ni kusa da shi, ya san ni ba sai an rubuta ba.

A rubuta Delmer Ray Sizemore, 1951 zuwa 2009. Kifin in akwai wuri. Kada a sa dogon zance, bai son shi.

Zan taho ranar Juma'a kafin gyaran. Zan zo da kek ɗin tuffa da furannin takarda da na naɗa. Ki jiƙa wake.

Ƙanwarki,
Opal


Dayton
10 ga Yuni, 2010

Yaya Verna,

Na iso lafiya ranar Litinin da la'asar, motar ba ta ba ni wahala ba. Yaya gajiyar baƙi? Ki ɗaga ƙafar nan a kan matashi, na ga yadda ta kumbura. Kazar da kika ƙunsa mini ta kai ni har jiya.

Har yanzu tudun nake gani. Tebura a ƙarƙashin itatuwa, yara na jan manjagara, 'yan Michigan na gardamar wane kabari ne na wace kaka. Da ɗan'uwanku na Indiana ya cire hula a gaban dutsen ya ce, "Kai, kifin nan ya fi duk wanda Delmer ya taɓa kamawa girma," sai na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina. Faye ma ta durƙusa ta goge masa ƙura da gefen siket ɗinta.

Na tarar da ambulan a ƙofa. Sun ƙi ni, Yaya. Wai takarduna ba su cika ba. Suna neman ragowar wata bakwai da tarar makara, dala 2,310, cikin kwana talatin. A ƙasa sun rubuta suna godiya da na zaɓe su. Abin da ke hannuna bai kai ɗari huɗu ba.

Na kai wa Misis Whitlow. Ba ta yi mini faɗa a kan dutsen ba, Allah ya saka mata. Ta ce akwai ɗaukaka ƙara, wasu na ci, wasu ba sa ci. Mun aika takardar mutuwar karo na huɗu, wannan karon sai sun sa hannu sun karɓa. Kada ki tashi a coci, don Allah. Kada kuma Coy ya sayar da maraƙinsa, na ga yadda yake kallonsa ranar Lahadi.

Na zauna a kicin na tambayi kaina ko na yi nadama. Na nema sosai, ban samu ba. In gidan zai tafi, zan yi kuka, don shi ya dasa kowace bishiya a bayansa. Amma da na ba su kuɗin nan ma, da wani dalilin za su samo.

Na ji a rediyo an yi ruwa mai ƙarfi a wajenku daren Talata. Ƙasar wurin sabuwa ce, ba ta gama zama ba. Ki ce wa Coy ya hau ya duba mini ko dutsen ya karkata.

Taki har kullum,
Opal